Gyaran gida bai ƙare ba sai an kwashe ɓaraguzai



Rani ya kusa ƙarewa, kuma kamar kowace shekara, duk layin da mutum ya bi zai tarar ana rige-rigen gyara kafin ruwa ya sauka. Wani yana canza kwanon rufi, wani ya rushe tsohon bayi zai sa tayil, wani yana fitar da shago a gaban gida, wani kuma ya sare rassan mangwaron da suka kwanta a kan wayar wuta. Muna taya kowa murna, Allah Ya sa albarka. Amma akwai abu guda da kusan dukkanmu muke mantawa ranar da muka zauna lissafi. Muna ware kuɗin siminti da yashi, na birkila da kafinta, har da na abincin leburori, amma ba ma ware ko sisi na kwashe abin da aka rushe. Sai aiki ya ƙare, tsibin ɓaraguzai ya tare ƙofar gida, aljihu kuma ya bushe, sannan a fara neman hanya mafi araha.

Ra'ayinmu a ƙungiyance shi ne wannan hanya mai arahar ta fi kowace tsada, kuma lokaci ya yi da za mu saba da hayar babban kwandon ƙarfe na shara, ko tifa mai izini, duk lokacin da za mu taɓa gini. Bari mu faɗi abin da ya kai mu ga wannan magana.

A bara, gab da damina, wani ɗan uwanmu ya gyara ɗakuna uku a gidansa. Ɓaraguzan suka yi mako biyu a bakin hanya, maƙwabta suka fara ƙorafi. Sai ya kira yara biyu masu tura kura, suka yi ciniki, suka riƙa kwasa da daddare suna zubawa a bakin wata babbar kwata da ke bayan layi. A sawu na huɗu jami'an tsafta suka ritsa da su. Ɗaya ya tsere, aka kama ɗaya, aka tafi da kurarsa. Yaron bai cika shekara ashirin ba, bai kuma yi wata shida da zuwa Legas ba, kurar ma ta haya ce. Kwana uku shugabanninmu suna zirga-zirga, sai da aka yi karo-karo kafin ya fito. Da ruwan watan Yuni ya sauka, kwatar ta kasa haɗiye shi, ya dawo da baya ya shiga gidaje shida, ciki har da na mai gyaran, wanda sabon fentinsa bai gama bushewa ba. Da muka haɗa kuɗin fitar da yaron, da na kura, da katifu da buhunan abincin da suka jiƙe, ya ninka abin da mota za ta karɓa ta kwashe kayan gaba ɗaya. Ba mu kawo labarin don tozarta kowa ba. Da yawanmu mun taɓa yin irinsa, sa'a kawai muka ci.

Ɓaraguzan gini ba kamar sharar gida ba ne. Leda da takarda ruwa yana iya tafiya da su, amma fasasshen bulo da kankare nutsewa suke yi su zauna daram a ƙasan kwata. Yashi ya taru a kansu, leda da robobi su maƙale, cikin 'yan makonni an samu madatsa. Legas kuma gari ne da yawancinsa ke kwance kusa da matakin teku, ruwa ba ya saurin gudu ko da hanya a buɗe take, balle an tare ta. Idan kwata ta cika ta haɗe da ruwan masai, ba kayan ɗaki kaɗai ake asara ba. Ba mu manta da annobar kwalara da ta ɓarke a jihar nan a watan Yunin 2024 ba. Rassan bishiya da kututturen ayaba su ma haka suke: sukan gitta a bakin kwalbati su tare duk abin da ruwa ya ɗebo.

Wani zai ce ai yana biyan kuɗin shara duk wata. Gaskiya ne, amma motocin 'yan kwangilar da ake kira PSP, waɗanda ke aiki a ƙarƙashin hukumar LAWMA, an yi su ne don sharar gida. Injin da ke bayansu matse shara yake yi, dutse da kankare suna lalata shi, shi ya sa suke wucewa su bar tsibin bulo a inda yake. Tarkacen gini yana da tsarinsa dabam da kuɗinsa dabam. Game da masu kura kuwa, tun watan Janairun 2018 gwamnatin jihar ta haramta kwasar shara da kura ko baro, kuma dokar kare muhalli ta 2017 ta tanadi hukunci ga mai zubar da shara a inda bai dace ba. Ko mun yarda da haramcin ko ba mu yarda ba, shi ne ke aiki a titi. Mun kuma san su wane ne mafi yawan masu tura kurar nan daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Obalende: 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Duk maigidan da ya ba yaro kwangilar zubar da ɓaraguzai cikin dare, ya rage wa kansa kuɗi ne ya ɗora haɗarin a wuyan wanda ya fi shi rauni. Idan an kama, ba maigidan ake jefawa a mota ba.

Akwai kuma maganar suna. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, wasunmu a nan aka haifi kakanninsu. Duk da haka, idan kwata ta toshe a unguwar da muke da yawa, ba a cewa wane ne ya zuba, cewa ake yi Hausawa ne. Duk lokacin da shugabanninmu suka je neman wani abu wajen hukuma, ko gyaran hanya ko sassauci ga 'yan kasuwarmu, hoton wannan kwatar ne ake fara nuna musu. Mutum ɗaya ya ɓata, dubu su biya.

To mene ne wannan kwandon da muke magana? Shi ne ƙaton akwatin ƙarfen nan marar murfi da muke gani a bakin wasu kasuwanni da wuraren manyan gine-gine. Mota ce mai hannuwa da sarƙoƙi take kawo shi ta sauke a ƙofar gida, a yi yarjejeniyar kwanakin da zai yi, ana rushewa ana zubawa a ciki, idan ya cika ta dawo ta ɗaga shi ta tafi da shi. Bambancinsa da tifa shi ne tifa ba ta jira. Idan ta zo, dole a tara leburori a loda ta cikin 'yan sa'o'i, wanda ke nufin sai ɓaraguzan sun fara taruwa a hanya tukuna. Kwando ya fi dacewa da aikin da zai ɗauki mako guda ko fiye, tifa kuma ta fi dacewa da rusau na yini ɗaya. Kowanne aka zaɓa, sharaɗin ɗaya ne: mai motar ya kasance yana da rajista da hukumar shara, kuma ya faɗi jujin da zai kai kayan, ko Olusosun da ke Ojota ne ko wani wurin da hukuma ta amince. Akwai direbobin da za su karɓi kuɗinka su juye kayan a bakin kwatar wata unguwa. Wannan ba kwashe shara ba ne, canza mata mazauni ne kawai. A nemi rasit, a rubuta lambar mota.

Mun san abin da za a ce, domin an faɗa mana a taron da ya gabata, kuma maganganun suna da nauyi.

Na farko, tsada. Ba mu musa ba, ga mutum ɗaya kuɗi ne mai yawa, musamman a wannan hali da ake ciki. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da wuya gyaran ɗaki ɗaya ko biyu ya cika kwando, kuma kusan duk muna gyaran ne a lokaci guda. Idan gidaje uku ko huɗu a layi ɗaya suka daidaita ranakun aikinsu suka yi haya tare, kason kowa zai sauko har ya kusa abin da ake ba masu kura. Mun iya adashi, mun iya karo-karon biki da na makoki, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Kafin a biya kuma a tambayi farashi wajen mutum biyu ko uku, a ji ko kuɗin ya haɗa da na juji, da kuma abin da za a ƙara idan an wuce ranar da aka yanka.

Na biyu, lungunanmu matsattsu ne, mota ba za ta shiga ba. Haka ne a wurare da yawa. Motar tana bukatar fili ta ja da baya, tana kuma bukatar sarari a sama, domin hannuwanta suna ɗagawa, ga wayoyin wuta sun yi saƙar gizo-gizo. Maganin shi ne a ajiye kwandon a bakin layi, a wurin da bai tare hanya ko kwata ba, bayan an sanar da shugabannin unguwa da maƙwabtan da abin zai shafa, sannan a riƙa kai kayan da baro daga gida.

Wannan ya kawo mu ga na uku, wanda ya fi damun mu: wai za mu cire wa yaranmu abinci a baki. A'a. Aikin yana nan, wurin zubawar ne ya canza. Kwando ba ya loda kansa. Yaran da a da ake turawa bakin kwata da tsakar dare, su ne za a ɗauka da rana tsaka su kwaso daga gida zuwa bakin layi, a biya su ladansu, ba gudu ba ɓuya. A saya musu safar hannu da takunkumi, domin ƙusa da ƙurar siminti ba su san ɗan gida ba.

Na huɗu, wai da zarar an ajiye kwando, kafin gari ya waye maƙwabta sun cika shi da sharar gida. Wannan yana faruwa. Shi ya sa ba a hayarsa sai an shirya fara aiki, a rufe shi da tamfol da daddare, a kuma gaya wa mai gadin layi ya sa ido.

Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗin ita ce rage abin da za a zuba. Rabin abin da muke kira shara kuɗi ne. Tsohon kwano, guntayen rodi, ƙofar ƙarfe, tagar alminiyam da wayar wuta, 'yan gwangwan za su auna su biya, kuma su ma namu ne. Fasasshen bulo da kankare mai tsabta, wanda ba a cakuɗa da leda da katako ba, masu neman ciko suna so, a garin da kowa ke ɗaga daɓen gidansa saboda ruwa. A tambaya a layi kafin a zubar, amma kada a juye shi a titi da sunan cike rami ba tare da an daddage shi ba, domin ruwan farko zai share shi zuwa kwata. Rassan bishiya idan sun bushe itacen girki ne, masu abinci da masu gidan burodi za su karɓa. Katakon da aka yi wa fenti ko aka shafa wa maganin gara kam kada a ba mai girki, hayaƙinsa guba ne. Ganye da ciyawa a tara su a rami a lungun gida su ruɓe su zama taki, ga mai 'yar gadar alayyafo ko shukar ayaba. Kada a cinna musu wuta: gidajenmu a manne suke, kuma janareta da jarkar fetur suna bayan kusan kowace taga.

Abu biyu muke roƙon a kiyaye. Na ɗaya, tsofaffin gidaje da yawa a Legas silinsu ko rufinsu na asbestos ne, farin allon nan mai kama da siminti. Ƙurarsa idan ta shiga huhu tana jawo cuta mai tsanani, har da kansa, wadda ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Kada a farfasa shi da guduma, kada a yanka shi da inji. A jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri, a nisanta yara, a kuma gaya wa mai motar abin da ke ciki. Na biyu, kada a cika kwando ya wuce bakinsa. Ɓaraguzai suna da nauyin da ido ba ya gani, abin da bai kai rabin kwando ba yana iya kai tan da yawa. Idan ya yi nauyi fiye da kima direba zai ƙi ɗauka, idan kuma ya ɗauka, dutse ɗaya da ya faɗo a kan titi ya isa ya kayar da mai babur.

Ga 'yan haya, a yi magana da mai gida tun kafin a fara, a san wanda zai biya kuɗin kwashewa, a kuma rubuta. Ga masu ba da aiki gaba ɗaya ga ɗan kwangila, a sa kwashe tarkace a cikin yarjejeniya, kada a biya cikon kuɗi sai an ga ƙofar gida fes an kuma ga rasit. Tun ran gini tun ran zane.

A namu ɓangaren, ƙungiya ta buɗe littafi a ofis. Duk wanda ke da niyyar gyara daga yanzu zuwa faɗuwar ruwa, ya zo ya rubuta layinsa da makon da yake son farawa, mu kuma za mu haɗa shi da maƙwabtan da lokacinsu ya zo ɗaya. Matasan da ke son aikin lodi su ma su ba da sunayensu, su za a fara kira. Muna roƙon iyayenmu masu unguwanni da shugabannin kasuwa su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba sa hawa Facebook, domin yawancin yaran da abin ya fi shafa ba za su karanta shi a nan ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gidajenmu da 'ya'yanmu.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.