Wai Gidan Gumaka Na Kai 'Ya'yana!



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da aka yaɓa mini a majalisarmu bayan sallar la'asar, wadda har yanzu ta ƙi fita daga raina. Ranar Asabar da ta wuce na kwashi yarana uku na kai su gidan nuna zane-zane na Nike da ke kan hanyar filin jirgin sama. Da labari ya iso majalisa sai wani bawan Allah, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya dube ni ya ce, "Haba Malam, kai da iliminka ka rasa inda za ka kai yara sai gidan gumaka?" Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. To amma tun da a gaban jama'a aka faɗa, bari in ba da amsa a gaban jama'a.

Da farko ga abin da ya faru a can. Mai gidan, Nike Davies-Okundaye, Bayarabiya ce da duniya ta san ta da rinin adire. Muna cikin zagayawa sai babbar 'yata, mai shekara goma sha ɗaya, ta tsaya gaban wani ƙyalle da ya sha baba har yana ɗaukar ido, ta ce, "Baba, Yarabawa sun iya abu. Mu Hausawa me ya sa ba mu iya irin wannan ba?" Wallahi jama'a sai da gabana ya faɗi. Yarinyar da kakan kakanta ya ci abinci da rini, yarinyar da asalinta Kano, garin da karofin Ƙofar Mata yake, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, ita ce take tambaya ko Bahaushe ya iya rini! Ba ta taɓa jin kalmar turkuɗi ba, ba ta san cewa Buzaye daga cikin Sahara suke zuwa neman rinin Kura ba. Laifin wa? Ba nata ba ne. A Abuja aka haife ta, a Apo ta yi wayo, abin da ta sani shi ne cunkoson motoci a gadar Apo da sanyin manyan kantuna. Laifina ne ni ubanta, kuma da ban kai ta wancan gida ba da har yau ban san girman ramin da na bari a kanta ba.

Sai na zaro naira ashirin daga aljihu na ce su juya bayanta su gaya mini ko wace ce matar da ke gina tukunya. Shiru. Ku ma ku gwada yaranku yau da daddare, kai, ku gwada kanku. Ladi Kwali ce, Bagwariya daga Kwali, nan cikin yankin babban birnin tarayya. Sarkin Abuja na wancan zamani, Sulaimanu Barau, yana cikin waɗanda suka fara tara tukwanenta, kuma a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. An nuna aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Kullum hotonta yana yawo a hannunmu, muna bi ta titin da aka sa wa sunanta a Wuse, amma ba mu san ta ba. Muna zaune a ƙasar mutane ba mu san gwanayensu ba, namu na gida kuma mun bar su a baya. Mun zama jemage ke nan, ba mu ga tsuntsu ba mu ga dabba.

Yanzu mu dawo kan batun gumaka. Ba zan yi muku ƙarya ba, a irin waɗannan gidaje akwai sassaƙe-sassaƙe masu siffar mutum da dabba, kuma na san malamai suna da magana a kan surar abu mai rai. Ni ba malami ba ne, wanda yake da shakka ya tambayi malaminsa. Amma don Allah wane malami ne ya haramta kallon rini, ko saƙa, ko tukunya, ko ɗinkin aska takwas, ko zayyanar allo, ko aikin dukawa da maƙera? Don akwai mutum-mutumi a kusurwa guda sai mu haramta wa kanmu gidan gaba ɗaya? Ashe sai mu daina shiga kasuwa ke nan, tun da ba abin da ba a sayarwa a cikinta. A Alƙahira akwai gidan adana kayan fasahar Musulunci tun 1903. A Riyad, babban birnin Saudiyya, an buɗe gidan tarihi na ƙasa a 1999. Ƙatar ta buɗe nata na fasahar Musulunci a Doha a 2008. Mun fi su riƙo da addini ne? Ni a ganina ba tsoron Allah ne ya hana mu ba, lalaci ne da rashin sabo, sai muka samo masa riga muka sa masa don kada a gane.

Hujjata ita ce, mutanen da ke cewa gidan gumaka, su ne za ka ga ranar Sallah sun cika mota da yara zuwa wuraren lilo da kantunan Jabi, a kashe kuɗin da ya isa cefanen sati a kan askirim da wasan kwamfuta, a dawo gida ba abin da ya ƙaru a kan yaro sai ciwon ciki. Su ne kuma yaransu ke kwana gaban talabijin suna kallon katun, wanda shi ma ai zanen abu mai rai ne, har yana motsi yana magana! A nan ba a tuna da fatawa. Masu hali a cikinmu kuwa sai su je Landan su tsaya ƙofar British Museum a ɗauke su hoto a turo mana, alhali ƙafarsu ba ta taɓa taka zauren Gidan Makama ba.

Gidan Makaman nan fa yana nan a Kano, kusa da fadar Sarki, ginin da tarihinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A cikinsa yaro zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan da suka shafi zuwan Turawa a 1903, ya ɗaga kai ya ga yadda maginanmu suke ɗaure rufi da azara ba siminti ba rodi. A Katsina tsohuwar kwalejin horon malamai, inda su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, ta zama gidan tarihi. A Jos akwai wanda aka buɗe tun 1952, kusa da shi kuma an kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa suna da gidan Bubu Hama a Yamai tun 1959. Duk shekara muna zuwa gida hutu, mu yi sati biyu muna zagayen gaisuwa da cin tuwo, amma awa biyu ta gagare mu.

Gwamnati ma ba zan ƙyale ta ba. Tun ranar 12 ga Disamba 1991 aka dawo da mazaunin mulki Abuja, a 1993 aka kafa hukumar adana zane-zane ta ƙasa, a 2006 aka fara ginin dogon hasumiyar nan ta Millennium a tsakiyar gari, wadda aka tsara da cibiyar al'adu da gidan tarihi a gindinta. Aka shafe fiye da shekara goma sha biyar ba a kammala ba, yaran da aka haifa lokacin da aka sa harsashinta har sun shiga jami'a. Abin kunya ne a ce 'yan kasuwa masu zaman kansu ne ke rufa wa babban birnin ƙasa asiri. Amma ku tsaya, me zai sa ɗan siyasa ya damu da abin da mu ba mu damu da shi ba? Wa ya taɓa tsayar da ɗan takara ya tambaye shi gidan tarihi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce yara ƙiriniya gare su, za su fasa abin mutane a ce ka biya. Autana shekararsa biyar, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya zama wuri ɗaya. Tun a mota na kafa doka: a kalla da ido, hannu a baya. Na ba kowa takarda da fensir na ce ya zaɓi abu guda da ya fi burge shi ya zana. Ban ce sai mun ga komai ba, da na ga sun fara gajiya bayan awa ɗaya muka fito. Ba abin da ya fashe. Da muka dawo gida yarinyar nan ta sa uwarta ta buɗe akwati ta fito da tsohon zanen saƙi na kakarta, suka zauna ana ba ta labari har aka kira isha'i. Rabon da in ga haka a gidana na manta.

Don haka Malam, mai maganar majalisa, ina ba ka haƙuri amma ban tuba ba. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan kai su Gidan Makama da karofin Ƙofar Mata, kuma akwai wuri a motata in za ka ba ni naka biyu. Mu da muka baro gida muka zo neman abinci, in ba mu nuna wa yaranmu inda suka fito ba, Abuja ba za ta nuna musu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu gane. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini.

Naku, daga Apo.