Daga Yako Zuwa Riruwai Kan Keke: A Tsara Tafiyar Yadda Fatake Ke Yi

Sanin kowa ne cewa in ƙungiyar ɗalibai ta tashi shirya yawon buɗe ido, ba ta wuce ɗaukar hayar mota zuwa Yankari ko Jos. Abin mamaki, motar Jos ɗin takan keta kudancin Kano ne a guje, ɗalibai na gyangyaɗi, ba wanda zai iya faɗin sunan ƙauye uku daga cikin waɗanda aka wuce. Alhali ƙasar nan ta Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ita ce mafi tsaunuka a Jihar Kano, kuma keke ne abin hawan da ya dace da mai son saninta, domin mai keke dole ya tsaya, ya yi sallama, ya roƙi ruwa, daga nan kuwa hira ke ɓarkewa.

Amma fa tafiya irin wannan ba a tsara ta da taswira kaɗai. Taswira za ta nuna hanya daga Yako zuwa Kwanar Ɗangora, ta bi Tudun Wada, ta ratsa Dajin Falgore, ta fita Doguwa, kana ta kai Riruwai. Abin da ba za ta faɗa ba shi ne, Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974, daga kudu yake gangarowa. Watau duk mai nufin Riruwai gaba yake yi da ruwa, hawa yake yi ko bai lura ba. Saboda haka kuskure ne a raba nisan daidai wa daida tsakanin kwanaki. A ci dogon zango ranar farko, inda ƙasa ke shimfiɗe, a riƙa rage shi yayin da duwatsu ke matsowa.

Nan ne ya kamata a koma ga hikimar fatake. Ayarin da ke zuwa Gwanja ba ya tashi sai da madugu mai yanke shawara, da jagaba wanda ya san hanya da mashaya. Zangonsu kuwa inda ruwa da mutane suke ne, ba inda gajiya ta kama su ba. Haka ayarin kekuna yake bukata: shugaba guda wanda in ya ce a sauka za a sauka, da ɗan ƙasa mai jagora, da wanda ya iya faci da gyaran kaca da birki. Birki musamman, don gangaren dawowa ya fi hawan haɗari ga keken da aka labta wa kaya. A kuma aika wa hakimai da dagatai takarda tun kafin a tashi. Baƙon da mai gari ya san da zuwansa ba ya kwana a waje.

Lokaci kuma shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. Da damina rafuka kan cika, da bazara rana ba ta barin mutum ya taka feda. Ko a hunturun ma, hazo kan hana direban babbar mota hango mai keke da sassafe.

Masu suka za su ce Falgore fa? Suna da hujja. A tsakiyar shekarun 2010 ɓarayin shanu da masu satar mutane sun mai da dajin maɓoya, har sai da aka girke soja a cikinsa. Wannan ba abin wasa da rai ba ne. Dajin a ratsa shi da rana tsaka, a dunƙule, bayan an ji ta bakin hukuma da direbobin da ke bin hanyar kullum. In suka ce a dakata, to a ɗora kekuna a mota a ƙetare, ba abin kunya ba ne.

To, me ya kai ɗalibin Hausa wannan wahala? Abin da ke Riruwai ne. Garin ya yi zamani da haƙar kuza, ya tara leburori daga ƙasashe daban-daban, kafin faɗuwar farashinta a duniya cikin 1985 ta ƙarasa durƙusar da sana'ar. Waɗanda suka shiga ramukan nan suna samari yanzu tsofaffi ne tukuf. A bakinsu kalmomin sana'ar suke, da waƙoƙin aiki, da labarin yadda Bature da ɗan kwangila suka bi da su. Haka nan sunayen duwatsu da rafuka, da karin harshen mutanen kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, duk kayan nazari ne da ke jiran mai ɗauka. Kowace shekara aka ɗage tafiyar, wani daga cikin dattawan nan yakan riga mai tambaya tafiya. Don haka a cikin kayan kowane keke, tare da famfo da jarkar ruwa, a sa na'urar ɗaukar magana da littafin rubutu, a kuma ware wa Riruwai kwana biyu cur.