SHARHI: Windows ta yi watsi da tsohuwar kwamfuta, kamfanonin gem sun rufe ƙofar Linux, ina matasan Unguwar Shanu za su dosa?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da babbar manhajarsa ta Windows 10, bayan shekara goma tana aiki. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba, tana ci gaba da tashi kamar kullum, amma an daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro kyauta, waɗanda su ne ke toshe kafofin da masu kutse ke bi. Kamfanin ya ba da ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, ko dai ya biya dala 30 ko ya haɗa bayanan kwamfutarsa da asusun Microsoft, wa'adin da aka sanar cewa zai cika ranar 13 ga Oktoba, 2026.

A ƙasashen da aka ƙera kwamfutocin, maganin wannan bai wuce a sayi sabuwa ba. A Unguwar Shanu da ke ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, da maƙwabtanta irin su Abakwa da Unguwar Sarki da Unguwar Kanawa, lamarin ya sha bamban. Kwamfutar da ɗalibi ko mai shagon buga takardu yake riƙe da ita galibi ta hannu ce, an gama morarta a wani ofis a Turai ko Amurka kafin ta sauka Legas, ta biyo hanya zuwa shagunan cikin garin Kaduna. Yawancin irinta Windows 11 ba ta karɓarsu. Mafitar da masana ke nunawa ita ce Linux, babbar manhajar da ake samu kyauta kuma take tafiya lafiya a tsofaffin na'urori. Sai dai matasan da ke buga wasannin gem su ne suka fara gano cewa wannan mafitar ma an gina mata katanga.

Yadda aka kai ga tsaka mai wuya

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗa. Dole kwamfuta ta kasance da ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma masarrafarta ta kasance daga zubi na takwas na Intel zuwa sama, ko makamancinsa na AMD, in ban da 'yan ƙalilan da aka ware. Zubi na takwas ya fara fitowa ne a 2017. Ke nan kwamfutoci irin su HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460, waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu a Najeriya, sun faɗi jarrabawar tun kafin a raba takarda. Kamfanin bincike na Canalys ya yi hasashe a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan sauyi.

Abin da ya fi ɓata wa masu gem rai shi ne ba ƙarfi kwamfutar ta rasa ba. Kwamfutar gem ta 2017 mai masarrafar Intel zubi na bakwai tana iya ɗaukar wasanni da dama da ake yayi yau, amma sunanta ba ya cikin jerin da Microsoft ta amince da shi. Sayen sabuwa kuwa ya zama sai wane da wane. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne.

A daidai wannan lokacin Linux ta yi ci gaban da ba a taɓa zato ba a fagen gem. A Agustan 2018 kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya fito da Proton, manhajar da ke sa wasan da aka rubuta domin Windows ya yi aiki a kan Linux. A Fabrairun 2022 ya saki na'urar hannu ta Steam Deck, wadda Linux ce ke tafiyar da ita. Dubban wasanni suka buɗe. A ƙidayar da Steam ke yi duk wata, masu amfani da Linux sun haura kashi 3 cikin 100 a karon farko a Oktoban 2025, watan da aka yi ban kwana da Windows 10.

Ƙofar da aka rufe da gangan

Matsalar ita ce wasannin da matasa suka fi so, waɗanda ake fafatawa da jama'a ta intanet, su ne suka ƙi. EA Sports FC, magajin FIFA da ake kwana ana bugawa a shagunan gem na Kaduna, ba ya tashi a Linux. Fortnite da Valorant da sababbin Call of Duty ma haka. Wasu kuwa a da suna aiki, daga baya aka katse su. League of Legends ya daina a Mayun 2024 lokacin da kamfanin Riot Games ya shigar da manhajarsa ta Vanguard. GTA Online ya bi sahu a Satumbar 2024, sannan a ƙarshen Oktoban wannan shekarar kamfanin EA ya toshe masu Linux daga Apex Legends, har da waɗanda suka kashe kuɗinsu a cikin wasan.

Dalilin duka ɗaya ne: manhajar hana maguɗi. Domin kama masu amfani da dabarun cuta, kamfanoni suna dasa wata manhaja can cikin zuciyar Windows, inda take ganin duk abin da ke motsi a kwamfutar. A Linux mai kwamfuta yana da ikon sauya zuciyar manhajar yadda ya ga dama, don haka kamfanonin suka ce ba za su iya amincewa da abin da na'urarsa ke faɗa musu ba.

Wannan hujja ba ta banza ba ce. Maguɗi yana kashe wasa kamar yadda yake kashe zaɓe: da zarar mutane sun daina yarda da sakamako, sai su watse. Riot ta bayyana a 2024 cewa akwai lokacin da kusan wasa ɗaya cikin 15 na League of Legends ke ɗauke da mai cuta, ta kuma ce masu buga shi ta Linux a rana ɗaya ba su wuce ɗari takwas da 'yan kai ba. EA ta ce buɗaɗɗen tsarin Linux yana jan hankalin masu ƙera kayan maguɗi. Ga kamfanin da ke lissafin riba, ɗaukar injiniyoyi domin kare 'yan tsirarun kwastomomi asara ce.

Amma hujjar ba ta rufe zancen ba. Tun a Satumbar 2021 manyan manhajojin hana maguɗi guda biyu, Easy Anti-Cheat da BattlEye, suka sanar cewa suna aiki da Proton, abin da ya rage shi ne mai wasan ya amince a kunna. Easy Anti-Cheat mallakin Epic Games ne, kamfanin da ke da Fortnite, amma shugabansa Tim Sweeney ya fito fili a 2022 ya ce ba su da shirin kai Fortnite kan Steam Deck. BattlEye ɗin da ya kori masu Linux daga GTA Online shi ne dai yake barinsu a wasu wasannin. Counter-Strike 2 da Dota 2, waɗanda ake gasar miliyoyin daloli a kansu, suna tafiya a Linux kai tsaye. Ke nan abin zaɓi ne na kasuwanci, ba gazawar fasaha kaɗai ba.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da bai wa wani kamfani damar shiga zuciyar kwamfuta. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kuskure ɗaya a sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike, wadda ke aiki a wannan matakin, ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cak.

Wanda ba a ƙidaya ba, ba a jin kukansa

Matashin Unguwar Shanu da ke da irin wannan kwamfuta yana da hanya uku, kuma babu mai daɗi. Ya zauna a Windows 10 ba kariya, alhali a kwamfutar yake buɗe imel da asusun banki. Ko ya kai wa mai gyara a cusa masa Windows 11 ta bayan gida, abin da Microsoft ta yi gargaɗin cewa ba ta da alhakin ci gaba da kula da shi. Ko ya koma Linux, ya samu tsaro da sauri, ya rasa wasan da abokansa ke bugawa, ya kuma rasa CorelDRAW da Photoshop waɗanda da su ake cin abinci a shagunan zane da ɗab'i. Gaba kura, baya siyaki.

Gaskiya ne mafi yawan matasan unguwa a waya suke buga gem, irin su PUBG Mobile da Free Fire da eFootball, ko su biya kuɗin zama a shagon PlayStation. Masu buga gem a kwamfuta 'yan kaɗan ne. Amma cikinsu ne ake samun masu koyon rubuta manhaja da haɗa bidiyo da gyaran na'ura, kuma hanyar gasar duniya ta kansu take bi. Gasar Esports World Cup da aka yi a Riyadh a 2025 ta ware kyaututtukan da suka haura dala miliyan 70, kuma cikin wasanninta akwai Valorant da League of Legends da Apex Legends da EA Sports FC, dukansu a rufe suke ga mai Linux.

Babban ciwon shi ne kamfanonin ba su ma san da waɗannan matasa ba. Tsarin asusun PlayStation Network bai ƙunshi Najeriya ba, don haka mai shago a Kaduna yakan yi rajista a matsayin mazaunin Amurka ko Ingila. Daga 2022 bankuna da dama suka dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da ita, wanda ya tura mutane ga katunan kyauta na wasu ƙasashe ko ga wasannin da aka fasa. Duk wanda ya bi wannan hanya ya ɓace daga lissafi. Kamfanin da ke yanke hukunci da alƙaluma kuwa ba ya ganin wanda ba ya cikin alƙaluman.

Misalai biyu sun nuna bambancin. A Mayun 2024 Sony ta ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa shi da asusun PlayStation. Kwastomomi suka yi ca a kanta, cikin 'yan kwanaki ta janye, amma an riga an cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna fiye da 170 inda babu wannan asusu, kuma haramcin ya daɗe bayan masu ƙarfin murya sun samu biyan buƙata. Haka nan a Satumbar 2025, bayan matsin lamba daga ƙungiyar kare masu sayayya ta Euroconsumers, Microsoft ta sassauta sharuɗɗan ƙarin wa'adin Windows 10 ga mazauna yankin tattalin arzikin Turai, ta ba su ba tare da kuɗi ko tilasta ajiye bayanai ba. Afirka, inda tsofaffin kwamfutocin suke ƙarewa, ba ta samu wannan sassauci ba, domin babu wanda ya tsaya ya nema mata.

Abin da ya shafi hukuma

Ana iya cewa a ƙasar da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro, kukan masu gem shagwaɓa ce. Sai dai katangar da suka ci karo da ita tana nan tafe ga wasu. Irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci ne ke makarantu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi da cibiyoyin da ake rubuta jarrabawar JAMB. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Najeriya ba ta rasa makami ba. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, kuma kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Hukumar da ta iya wannan tana iya tambayar abu biyu: me ya sa aka bai wa Bature sassaucin da aka hana ɗan Najeriya, kuma mene ne haƙƙin wanda ya biya kuɗin wasa sannan aka sauya sharuɗɗa aka kore shi? Ba za ta iya tilasta wa EA ko Riot su karɓi Linux ba, amma tana iya neman a riƙa bayyana sharaɗin ƙarara kafin a karɓi kuɗi, a kuma mayar wa wanda aka katse.

Makami na biyu shi ne sayayyar gwamnati. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 za ta sauya kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, domin kada ta dogara da kamfani ɗaya. Idan gwamnatin Kaduna ta ɗora Linux a kan tsofaffin kwamfutocin makarantunta maimakon jibge su a sito, idan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da manyan makarantu irin su Kaduna Polytechnic da jami'ar KASU suka yaye masu gyaran da suka iya ta, to za a tsawaita rayuwar na'urorin, a kuma ƙara yawan masu amfani da ita. Yawa kuwa shi ne harshen da kamfanonin gem ke ji.

Ga su kansu matasan, abin da ke hannunsu a yanzu shi ne raba kwamfuta gida biyu, Linux domin aiki da banki, Windows domin wasa kaɗai, tare da yin rajista da sunan ƙasarsu a duk inda aka ba da dama. Valve ta sanar a Nuwambar 2025 cewa za ta fito da sabuwar na'urar Steam Machine mai amfani da Linux, wanda zai ƙara wa kamfanonin matsin lamba daga kasuwannin da suke saurara. Ko hakan zai buɗe ƙofar EA Sports FC da Fortnite, hukuncin yana hannun kamfanonin. Abin da aka riga aka sanya wa rana shi ne 13 ga Oktoba, 2026, lokacin da aka sanar cewa ƙarin wa'adin Windows 10 na ɗaiɗaikun mutane zai ƙare, kuma da zarar wa'adin ya ƙare duk kwamfutar ɗaiɗaikun mutane da aka bari a kanta a Unguwar Shanu za ta ci gaba da shiga intanet ba tare da mai toshe mata kafa ba.