Sabon fasto a Doka: a fara tambayar inda zai kwana

Duk lokacin da fasto ya yi ritaya ko aka yi masa canjin wurin aiki a ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un tsakiyar Kaduna, tambayoyin da ke yawo a bakin masu sujada kusan iri ɗaya ne. Ya iya wa'azi? A wace makarantar tauhidi ya yi karatu? Ɗan wane yare ne? Zai iya ƙarasa ginin da wancan ya fara? Kowace tana da gurbinta, amma a majami'un da ke arewacin kogin Kaduna akwai wadda ta kamata ta riga su, kuma da wuya a ji an yi ta da babbar murya: ina sabon faston zai kwana? Ra'ayina shi ne ikilisiyar da ke yankin Doka na tsakiyar Kaduna ko maƙwabtansa, in tana neman makiyayi, ta nemi wanda zai tare da iyalinsa a unguwar da majami'ar take, yana jin Hausa kamar yadda ake yin ta a kasuwa, kuma za a bar shi ya daɗe har maƙwabta su san shi.

Dalilin yana cikin tarihin garin. Tun da Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa da sojoji da 'yan kasuwa suka riƙa kwararowa, kuma a gefen arewa na kogi aka kafa ofisoshi da kasuwa da manyan wuraren ibada. Shi ya sa babbar majami'ar Katolika ta St. Joseph da ta Angilikan ta St. Michael suke nan, haka ma hedikwatar HEKAN, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, wadda aka kafa domin Kiristocin Arewa masu ƙabilu daban-daban da aiki ya kawo Kaduna su sami inda za su yi sujada tare da Hausa. A gefen nan ne kuma hedikwatar Jama'atu Nasril Islam da Masallacin Sultan Bello suke. Sai rikicin da ya ɓarke ranar 21 ga Fabrairu 2000 kan batun Shari'a, ya sake tashi a watan Mayu, sannan na Nuwamba 2002 da aka danganta da gasar sarauniyar kyau ta duniya. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 ne suka rasu a na 2000, kimanin 250 kuma a na 2002. Abin da ya biyo baya kowane mazaunin Kaduna ya san shi: Kiristoci da yawa suka sayar da gidajensu suka haye zuwa Sabon Tasha, Narayi, Barnawa, Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmi da yawa suka baro kudu suka komo Tudun Wada, Rigasa da Kawo. Mutane sun ƙaura, gine-ginen majami'u suna nan inda aka kafa su.

Sakamakon haka, majami'u da dama a arewacin kogi sun zama na ranar Lahadi. Da safe motoci su haye gada, a yi waƙa, a ji wa'azi, a ba da baiko, Zumuntar Mata ta yi ɗan taronta, kafin azahar kowa ya koma ƙetare, a bar maigadi da ƙofa a rufe. In faston shi ma yana cikin masu hayewar, to kwana shida a mako babu wanda mai shagon da ke jingine da katangar majami'a zai gaisa da shi, babu wanda mai unguwa zai aika wa in ana taro, babu wanda zai leƙa gidan rasuwa ya yi ta'aziyya. Yaron da ya tashi a irin wannan layi bai san majami'a da komai ba sai katanga mai waya da shingen da ake gindayawa a titi ranar Lahadi. A irin wannan rashin sani ne jita-jita ke samun wurin zama, kuma Kaduna ta sha ganin abin da jita-jita ke iya yi cikin awa ɗaya.

Akwai darasi a abin da ya faru a 2002. Ranar 22 ga Agusta na shekarar, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, bisa ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutanen da a da suka jagoranci matasa masu gaba da juna kafin su haɗa kai. Aiki ne mai daraja, kuma ya zama abin koyi har a wajen Nijeriya. Duk da haka wata uku kacal bayan sa hannun gari ya sake kamawa da wuta. Takardar da manya suka rattaba wa hannu tana buƙatar wanda zai riƙe ta a kowane layi, mutumin da in ƙura ta tashi zai iya kiran limamin masallacin da ke bayansa da sunansa, shi ma limamin ya amsa domin ya san muryar. Irin wannan sani ba ya samuwa a ɗakin taro na otal. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar da ke zuwa sau ɗaya a mako ba ta isa ba.

Kaduna ta ga amfanin shugaban coci da ya zauna ya daɗe. Josiah Idowu-Fearon ya zama Bishop ɗin Angilikan na Kaduna a 1998, bayan ya riƙe Sakkwato tun 1990, kuma ya yi karatun addinin Musulunci da dangantakar Musulmi da Kirista a Birmingham ta Ingila. Shekara 17 ya yi a kujerar, a cikinsu rikice-rikicen nan duka suka auku. Wasu 'yan'uwansa Kiristoci sun soke shi da cewa ya cika kusantar Musulmi, amma da aka kafa Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna a 2017, shi aka ɗora a kanta, alhali a lokacin yana riƙe da muƙamin babban sakataren tarayyar Angilikan ta duniya, wanda ya karɓa a 2015, shekarar da Bishop Timothy Yahaya ya zo daga Jalingo ya gaje shi. A ɓangaren Katolika, Peter Jatau ya shugabanci Kaduna daga 1975 zuwa 2007, sannan Matthew Man-Oso Ndagoso ya zo daga Maiduguri ya ɗora. Abin da ya ba waɗannan mutane nauyin baki a gari shi ne an san su, an ga halinsu a lokacin daɗi da lokacin wuya. In haka ne a matakin bishop, ya fi zama haka a matakin faston unguwa, wanda shi ne talaka ke gani.

Za a ce mini wannan magana ce ta wanda ba shi zai kwana a wurin ba, kuma ƙorafin yana da ƙarfi. Ranar 28 ga Oktoba 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya afka da mota cikin majami'ar St. Rita da ke yankin Malali ana tsakiyar sujada, kuma a arewacin kogi abin ya faru. Wa zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kai su inda aka taɓa yin haka? Ba na raina wannan tsoro. Sai dai in an duba inda malaman coci suka fi faɗawa hannun miyagu a shekarun baya-bayan nan, za a ga a bayan gari ne da kan manyan hanyoyi. Shugaban HEKAN na lokacin, Rabaran Emmanuel Dziggau, da abokan aikinsa biyu, a kan hanyar Abuja aka sace su a 2016, ɗayansu bai dawo da rai ba. Makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd, inda aka sace ɗalibai huɗu a Janairu 2020 aka kashe Michael Nnadi, ita ma ta wajen hanyar Abuja take. Fada Joseph Aketeh Bako a Kudenda aka ɗauke shi a Maris 2022, ya rasu a hannun masu garkuwa, Fada Vitus Borogo kuma a Kujama aka kashe shi a watan Yuni na shekarar. Hayewa kudu ba ta zama katanga ba. Bam ɗin ranar Ista ta 2012 da ya tashi a tsakiyar gari kuwa, yawancin waɗanda ya hallaka 'yan acaɓa ne da masu ƙananan sana'o'i a bakin titi, bai tambayi addinin kowa ba. Haɗarin na kowa ne, kuma wanda maƙwabta suka sani ya fi samun mai raɗa masa a kunne cewa yau a yi hattara. Amma ikilisiyar da ta nemi fasto ya zauna a Doka dole ta ɗauki nata kason: gida mai kyau da tsaro, kuɗin makarantar yara, albashi a kan kari, da dattawan da za su riƙa leƙo shi a tsakiyar mako. Rashin adalci ne a tura mutum ya riƙe wuri, sannan a manta da shi sai Lahadi.

Wasu kuma za su ce makiyayi na tumakinsa ne, in tumakin suna Narayi can ya kamata ya kasance. Wannan ya manta da waɗanda ba su haye ba. Akwai tsofaffin da ba su da kuɗin sayen fili a kudu, da gwauraye, da iyalan sojoji da 'yan sanda a barikoki, da ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna, da ma'aikatan jinya da marasa lafiya a Asibitin Barau Dikko, da masu shaguna a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da Hausawa Kirista da suka zo ci-rani daga ƙauyukan Zariya, Kano da Katsina. Su ne mafiya rauni a ikilisiya, su ne kuma ba a jin muryarsu a kwamiti, domin masu motocin da ke zuwa daga ƙetare su suka fi ba da zakka mai kauri. Wanda ke Barnawa yana da majami'u birjik a kusa da shi in dare ya yi masa da mara lafiya. Tsohuwar da ke Unguwar Shanu ko Abakpa ba ta da kowa sai faston nan. Nan ne batun Hausa ya shigo. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun 1932, da hannun Dokta Walter Miller na mishan ɗin da ya zauna a Zariya kafin a koma Wusasa, kuma da Hausa ne Bajju da Atyap da Bura da Bachama suka iya zama a benci ɗaya. Inda aka mayar da sujadar Hausa ta zama ta sassafe, aka bar wa mai bishara ko katikis, babban fasto kuma ya keɓe kansa ga ta Turanci, an riga an nuna wa talaka matsayinsa, an kuma rufe ƙofar magana da maƙwabci.

Game da zargin cewa faston da ke shiga cikin Musulmi zai sassauta bangaskiyarsa, amsar tana cikin littafin da Kiristan ke riƙe da shi. A wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti, sura ta 3, inda aka jera sharuɗɗan mai kula da ikilisiya, an haɗa da karɓar baƙi da kuma samun kyakkyawar shaida daga waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. A Doka waɗannan mutane su ne mai shayi da direban Keke Napep da limamin layi. Zuwa gaisuwar Sallah ko barka da haihuwa ba ya rage wa kowa imani, kamar yadda Musulmin da ke kai wa Fasto Yohanna Buru ziyarar Kirsimeti a Sabon Tasha ba su bar sallarsu ba. Nauyin kuma ba na Kirista kaɗai ba ne. In sabon fasto ya tare, mai unguwa da limami da 'yan kwamitin masallaci su ne ya kamata su fara taka ƙafa su yi masa maraba, su kuma tsawatar wa yaran da ke jifan rufin majami'a kafin maganar ta kai ofishin 'yan sanda.

Hanyar naɗa fasto ta bambanta, don haka kowa ya san inda maganar ta shafe shi. A Katolika babban bishop ne ke tura fada, kuma dokar cocin da kanta ta ce limamin ikilisiya ya kamata ya sami tabbacin zama a wurinsa. A Angilikan bishop ke turawa, a ECWA majalisar gunduma, wato DCC, ke raba fastoci, a Baftis kuwa ikilisiya ce ke kafa kwamitin nema ta kira wanda ta ga ya dace. Inda ake turawa, roƙona shi ne a daina ɗaukar majami'un tsakiyar gari a matsayin ladan wanda ya daɗe a aiki ko tsanin hawa muƙami, a kuma rage yawan canji, domin wanda aka ɗauke bayan shekara biyu ko uku ya tafi ne daidai lokacin da aka fara gane shi a layi. Inda ikilisiya ke zaɓe, a sa mazauna arewacin kogi a cikin kwamitin, har da mace daga Zumuntar Mata da wani daga sujadar Hausa. A ajiye tambayar yare a gefe, tunda HEKAN ta daɗe da nuna cewa ana iya gina coci a Kaduna ba tare da ita ba. A ranar ganawa da ɗan takara kuma, bayan an ji wa'azinsa, a zagaya da shi unguwar a ƙafa, a kai shi ya gaida mai unguwa, a nuna masa da matarsa gidan fasto, a tambaye su a fili ko za su tare, da kuma abin da suke buƙata daga ikilisiya kafin su iya.