Ciwon Suga Da Gado: Abin Da Harajin Lemon Kwalba Ba Zai Magance Ba

Tun shekarar 2022 gwamnatin tarayya take karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, kuma masana lafiya suna ta kiran a ƙara shi domin rage ciwon suga. Mataki ne mai kyau, amma kada ya sa ka ɗauka cewa cutar ta masu shan lemo da masu ƙiba ce kawai. Manomi siriri a Gwiwa ko Roni ma yana iya kamuwa, kuma gado na daga cikin dalilai.

A 2007 masu bincike suka gano alaƙar wata ƙwayar gado mai suna CDKAL1 da ciwon suga nau'i na biyu. A 2011 masana a Jami'ar Kumamoto ta Japan suka bayyana aikinta. Jikinka yana haɗa insulin ne kamar ginin bulo, ɗaya bisa ɗaya, kuma akwai wasu ƙananan 'yan dako da ake kira tRNA masu kawo kowane bulo wurinsa. CDKAL1 ita ke gyara ɗan dakon da ke ɗauko sinadarin laisin. Idan ta yi rauni, sai a riƙa kuskure wajen ginin, insulin mai inganci ya ragu, suga ya taru a jini.

Sai dai ka lura da abu biyu. Na farko, wannan ƙwaya tana ƙara haɗarin ne kaɗan, ba ita kaɗai ke kawo cutar ba. Abinci, motsa jiki da shekaru duk suna da tasiri. Na biyu, an fi tabbatar da alaƙar a tsakanin Turawa da mutanen Asiya. Saboda haka kada ka kashe kuɗinka kan gwajin ƙwayoyin gado da ake tallatawa a intanet.

Tarihin gidanku ya fi amfani. Idan mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwanka na da ciwon suga, je asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Kazaure a auna ka da safe kafin ka karya. Sakamakon da ya kai 126 mg/dL ko fiye, idan an sake awon ya tabbata, ciwon suga ne. Yawan fitsari, ƙishirwa da rama ba gaira ba dalili kuwa, ba abin jira ba ne.

Haraji na iya rage shan zaƙi, amma awo ne kaɗai zai gano wanda cutar ta riga ta kama.