Ƙasar da ake cewa ba kowa cikinta

A arewacin Sikotland, ta ƙasar Birtaniya, akwai wata hanya mai tsawon kilomita kamar 830 da aka raɗa wa suna North Coast 500 a shekarar 2015, don janyo ƴan yawon buɗe ido. Tun daga lokacin baƙi ke tururuwa da motoci, suna bin gaɓar teku ƙauye bayan ƙauye, wasu su shiga jirgin ruwa su tsallaka tsibirin Harris don ganin farin rairayin Luskentyre. Hajar da ake tallata musu ita ce shiru: tsaunuka, teku, da fili iya ganin ido ba gida ba mutum.

Sai dai wannan shiru yana da tarihi. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu mallakar ƙasa sun lissafa cewa tumaki sun fi talakawa riba, suka tashi manoma daga kwaruruka masu albarka. A kwarin Strathnaver, cikin yankin Sutherland, an cinna wa gidaje wuta a 1814 da 1819. Waɗanda aka kora aka tura su bakin teku, kan duwatsu, aka ce su koyi su. Da yawa suka gaji suka hau jirgi zuwa Kanada. Wasu daga cikin ƙauyukan da baƙo ke ɗauka hoto yau, irin su Bettyhill, nan ne aka zube korarru. Sai a 1886 doka ta ba ƙananan manoma tabbacin zama a filayensu, bayan an riga an yi ɓarnar.

Mene ne haɗin wannan da Bader Gula, ƙaramar hukumar karkara ta gundumar Dakoro, wadda ba ta san teku ba sai a labari? Haɗin shi ne idon mai kallo. Babban ma'aikaci ko attajirin da ya fito daga Maraɗi ko Yamai cikin mota mai sanyi, ya wuce Dakoro ya nufi kwarin Tarka da rani, abin da yake gani shi ne abin da baƙon Sikotland ke gani: daji ba mai shi. Bai ga garken da ya yi kudu tun bayan kaka ba, wanda zai komo da faɗuwar ruwa. Bai san kowace rijiya tana da zuriyar da ta gina ta ba, kuma kowane burtali an san wanda ke bin sa. Daga nan sai tunanin shingen waya ya zo masa.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan wannan ba. Doka mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya kafa hukumomin filaye, waɗanda aka fi sani da COFO. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon makiyayi haƙƙinsa ne, ta kuma hana wani ya keɓe filin kiwo na jama'a ya mai da shi nasa shi kaɗai. A takarda, ba abin da ya rage. Amma mai kuɗi ba ya bukatar sayen daji kafin ya mallake shi. Ya isa ya samu izinin gina rijiya ko famfo: a ƙasar da dabba ba ta iya nisa da ruwa, wanda ya riƙe guga shi ya riƙe ciyawar da ke kewaye. Ƙaramin makiyayi ya biya, ko ya yi gaba. Idan ya yi gaba, kudu zai gangara, cikin gonaki, kuma jihar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba 1991, galibinsu mata da yara.

Ana iya cewa ai yankin yana bukatar jari da baƙi. Gaskiya ne. Gandun dajin Gadabeji, maƙwabcin Bader Gula, wanda aka keɓe tun 1955, ya samu shiga jerin UNESCO a 2017, kuma a 2018 an kai masa raƙuman dawa 8 daga Kure. Wannan abin alfahari ne, ko da yake matsalar tsaro ta sa baƙon waje ya yi wuyar gani. To amma in hanya ta gyaru gobe, aka fara zuwa kallo, wa zai karɓi kuɗin masauki da na ja-gora? Mazauna gefen North Coast 500 sun daɗe suna kukan cunkoson motoci a ƴan siraran hanyoyinsu, da tsadar gidaje da ke korar samarinsu.

Waɗanda suka fita daga wannan tarko a can, ta hanyar mallakar ƙasa suka fita. A 1993 ƙananan manoman Assynt suka haɗa kuɗi suka sayi filin da suke zaune a kai. A 1997 mutanen tsibirin Eigg, waɗanda ba su kai 100 ba, suka sayi tsibirinsu kan fam miliyan ɗaya da rabi, a 2008 kuma suka kunna wutar lantarki tasu ta ruwa da iska da rana. Majalisar Sikotland ta biyo bayansu da dokar gyaran mallakar ƙasa a 2003.

Makiyayin Tarka ba sai ya sayi komai ba, tunda doka ta riga ta amince da haƙƙinsa. Abin da ya rage aikin ma'aikata ne: COFO ta Dakoro ta liƙa jerin duk izinin rijiya da na shinge da aka bayar a yankin kiwo, da sunan wanda ya karɓa da wanda ya sa hannu, a ƙofar ofishin magajin garin Bader Gula, a kuma karanta shi da Hausa da Fulatanci da Buzanci ranar kasuwa.