Kafin ka sayi robar kiriyatin, leƙa tukunyar gidanku

1/ Masu ɗaga ƙarfe a Katsina, yau da ku nake. Farin garin nan da ake rubuta creatine a jikin robarsa ya zama abin yayi, har wasu na ɗauka wani sirrin Turawa ne. Ra'ayina: matsalarmu tana tukunya, roba ba za ta gyara ta ba.

2/ Kiriyatin a nama yake. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Michel Chevreul, ya gano shi a 1832, sunan ma daga kalmar Girkanci ta "nama" aka samo shi. Kusan kashi 95 cikin 100 na wanda ke jikinka yana cikin tsoka, yana taimakawa wajen aikin ƙarfi na ɗan lokaci, kamar gudu ko ɗaga nauyi.

3/ Jiki na ɓatar da kimanin giram 2 kullum. Hanta da ƙoda na haɗa kusan rabi, sauran daga abinci. Kilo ɗaya na ɗanyen naman sa na da giram 4 zuwa 5, kifin shawa ma ya fi haka. Nono kaɗan ne, wake da gero kusan babu.

4/ Kada a yi mana tatsuniya: kakanninmu ba kullum suke cin nama ba. Tuwo da fura ne yau da gobe, nama sai ranar kasuwa, suna ko Babbar Sallah. Kuma da wannan jikin suka yi noma.

5/ Abin da ya canza, ɗan naman da birni ya saba da shi yana ta janyewa. Satar shanu ta karya makiyaya. A 2021 gwamnatin Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni irin su Jibiya, Batsari, Charanchi da Mai'aduwa saboda tsaro. A Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, kuɗin mota ya hau kan kowane yanka.

6/ Yanzu duba kwanon ɗalibi: garau-garau, ɗanwake, awara, Indomie. Kiriyatin a ciki? Kusan sifili.

7/ Wannan kaɗai ba zai kwantar da kai ba, jiki na cike wani giɓin. Amma naman da ya tafi ya tafi da sinadarin ƙarfe da bitamin B12, su ne na jini. Robar nan ba ta da ko ɗaya. Ƙannenmu masu tasowa da mata masu ciki su suka fi cutuwa.

8/ Ban ce kiriyatin ba ya aiki ba. Yana yi, ga mai atisaye da gaske, giram 3 zuwa 5 a rana. Mai matsalar ƙoda kam, ya fara ganin likita.

9/ Amma in kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, wallahi ka kai wa mahauci ko mai kifi. Ku da ƙannenka za ku ci.

A sati sau nawa nama ke shiga miyarku yanzu? A faɗi gaskiya fa.